Ruwan Omo, Ruwan Kodak: Suna da Launi a Tarihin Hoton Zangon Kumasi

Wanda ya bar tsakiyar birnin Kumasi ya kama hanyar arewa, wadda ke bi ta Offinso da Techiman har ta kai Tamale, ba zai yi nisa ba ƙarar guduma za ta tarye shi. Nan ne Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera da masu walda da 'yan kayan gyara, wadda ake lissafawa cikin mafiya girman irinta a Afirka. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta sojan mulkin mallaka, wadda a kusa da ita masu gyaran mota na farko suka soma taruwa a shekarun 1930. Da wuri ya yi musu kaɗan aka mai da su Suame, sai suka tafi da sunan, alhali babu sauran albarushi ko harsashi a cikin sha'aninsu. Tun daga lokacin sunan ya rabu da abin da yake nufi, amma hakan bai hana shi aiki ba har yau.

Babu wanda ya kai makanikin Suame sanin cewa tambarin da ke goshin mota ba shi ke ba da labarin abin da ke cikinta ba. Sana'arsa ce ya ɗauki injin wannan ya dasa a jikin waccan, ya sassaƙa ƙarfe har ya zauna a gurbin da ba don shi aka yi shi ba. Masana biyu, Jojada Verrips da Birgit Meyer, sun wallafa nazari a 2001 kan wata tsohuwar Fijo 504 ta wani direban tasi a Ghana, inda suka nuna yadda gyara bayan gyara ya sauya motar har ta yi nisa da abin da ya fito daga masana'anta a Faransa. Duk da wannan sani, direba da makanike ba su daina rantsuwa da suna ba: wannan ɗan Marsandi ne har abada, wancan ba ya jin kira in ba na Toyota ba. Irin wannan riƙo da suna shi ne ya bi mutanen Zangon Kumasi har cikin shagon mai hoto, kuma a can ya yi abin da ya fi ban mamaki, domin ya shiga tsakanin mutum da idonsa.

Zangon Kumasi ɗan cinikin goro ne. Fataken Hausa sun daɗe suna zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga, suna sayen goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, jirgin ƙasa ya iso a 1903, sai baƙi daga arewa suka yi ta sauka a gefen birnin. Hausawa ne da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Yarabawa da wasunsu, amma Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su, kamar yadda Enid Schildkrout ta bayyana a littafinta na 1978 kan mutanen zango. Jikokin waɗannan fatake da yawa sun bar goro sun kama tuƙi da kanikanci da cinikin kayan mota, don haka hanyar da ta tashi daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango zuwa Suame hanya ce da ake takawa kullum.

Kafin a shiga batun kyamara, ya kamata ɗalibin Hausa ya dubi kayan aikin da harshen kansa ya tanada na maganar launi. Tushensu uku ne: fari da baƙi da ja. Suna da jinsi da jam'i cikakke irin na tsofaffin sifofi, fari, fara, farare, baƙi, baƙa, baƙaƙe, ja, jajaye, kuma kowanne na da amsa-kamarsa, fari fat, baƙi wuluk, ja wur. Brent Berlin da Paul Kay sun nuna a 1969 cewa harshen da ke da kalmomin launi uku na asali, waɗannan ukun ne yake da su. Harshen Twi na masu masaukin zango haka yake tafiya da fitaa da tuntum da kɔkɔɔ, kuma kamar yadda Bahaushe ke yi wa mai hasken fata laƙabi da Jatau, haka mai jin Twi ke kiransa kɔkɔɔ. Bayan waɗannan uku da su kore da shuɗi da rawaya, sauran launuka Hausa aro take yi daga abin da ido ya saba gani, ta hanyar kalmar ruwa: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan hanta, ruwan zuma. Da kayan kanti suka shigo, sai aka sami ruwan hoda da ruwan bula, sannan aka sami ruwan omo. Wannan na ƙarshe shi ne abin lura. Omo sunan garin sabulu ne na kamfanin Unilever, garin kuwa shuɗi-shuɗi ne a lokacin da ya cika kasuwa, sai sunan haja ya zama sunan launi. Yau mace za ta ce a ɗinka mata atamfa ruwan omo ba tare da wanki ya faɗo mata a rai ba. Harshen da ya iya yin haka, ba abin mamaki ba ne masu shi su ce wani kamfanin fim yana da nasa ja, wani yana da nasa kore.

Ɗaukar hoto ta riga launi zuwa wannan ƙasa da kusan shekara ɗari. Iyalin Lutterodt sun kafa sana'ar a Accra tun shekarun 1870, J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagonsa na Deo Gratias a Jamestown a 1922, kuma daga bakin teku sana'ar ta hau zuwa Kumasi da sauran garuruwa. A duk wannan zamani na baƙi da fari, hukuncin yadda fuska za ta fito a hannun mai hoto yake. Shi ke ɗauka, shi ke wankewa a ɗakinsa mai duhu, shi ke bugawa. Tobias Wendl, wanda ya yi nazarin masu hoton kudancin Ghana kuma ya fitar da fim a kansu tare da Nancy du Plessis a 1998, ya bayyana yadda suke bin dodon hoto da fensir, wato fim ɗin da aka wanke wanda fari ke fitowa baƙi a jikinsa, suna shafe tabo, suna ƙara wa fuska haske da santsi. Mai zuwa ɗaukar hoto ya san da haka, shi ya sa amanarsa ga mutum take. Wane ya iya fito da fuska, Wane hotonsa ƙonewa yake yi. Sunan da ke jikin kwalin fim bai dami kowa ba sai shi mai sana'ar.

Launi ya sauya wannan tsari daga tushe. Kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da Kodachrome a 1935, Agfa na Jamus ya biyo da Agfacolor a 1936, Kodak ya ƙara da Kodacolor a 1942. Wankin fim mai kala aiki ne na sinadarai masu yawa da zafin ruwa da ba ya son kuskure, ya fi ƙarfin ɗan ƙaramin ɗaki a bayan shago. Shekaru da dama wanda ya ɗauki hoto mai kala a Ghana sai ya aika da shi waje a wanke. Mutumin da ya kawo ƙarshen haka shi ne James Barnor, haifaffen Accra a 1929, wanda ya buɗe shagon Ever Young a farkon shekarun 1950, ya tafi Ingila a 1959, ya koyi aikin kala a can yana kuma ɗaukar hotuna wa mujallar Drum. Wajen 1970 ya komo gida a matsayin wakilin Agfa-Gevaert, ya kafa wurin wankin hoto mai kala na farko a ƙasar, a ƙarƙashin kamfanin Sick-Hagemeyer da ke Accra.

A wancan lokaci riƙo da sunan kamfani yana da dalili na zahiri. Fim ɗin Agfa da sinadarin Agfa ake wanke shi, na Kodak da na Kodak. In aka haɗa su, aikin ya lalace. Mai hoton da ya zaɓi kamfani ya zaɓi inda zai kai wanki, da wanda zai ba shi kaya bashi, da wanda zai koya masa aiki. Amma Kodak ya fitar da tsarin wanki mai suna C-41 a 1972, kuma zuwa farkon shekarun 1980 sauran manyan kamfanoni, har da Agfa, sun mai da fim ɗinsu ya dace da shi. Daga nan kowane fim na iya shiga inji ɗaya da ɗan'uwansa. Dalilin ya gushe, riƙon ya zauna.

Cikin hotunan da Barnor ya ɗauka a 1971 akwai na wata ma'aikaciyar kantin Sick-Hagemeyer tana tsaye a ƙofar kanti, riƙe da jarkokin roba masu launi iri-iri. Hoton gwaji ne, na daidaita launi. Darajarsa ba ta bayyana sai an san abin da ake gwaji da shi a sauran duniya. Bayan da hukumomin Amurka suka tilasta wa Kodak a 1954 ya daina haɗa kuɗin fim da na wanki, ƙananan wuraren wanki suka yawaita, sai kamfanin ya riƙa aika musu da katin gwaji mai ɗauke da hoton wata Baturiya, domin su daidaita injinsu har fatarta ta fito daidai. Ana kiran katin Shirley, da sunan ma'aikaciyar da aka fara ɗauka. Lorna Roth, malama a wata jami'a a Kanada, ta nuna a nazarinta na 2009 cewa shekaru da dama farar fata ce ma'aunin, kuma koke-koken da suka sa kamfanin ya kula da launuka masu duhu sun fito ne daga masu sayar da kujerun katako da masu yin cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa a talla yadda suke so. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Kodak ya fitar da kati mai mata uku masu fata daban-daban. Barnor kuwa, a Accra, ya riga ya tsayar da baƙar mace a matsayin ma'auni da fiye da shekara ashirin.

Wannan ya nuna cewa kukan da baƙar fata ke yi da fim mai kala ba zato ba ne. Fim yana da iyakar tazarar da zai iya riƙewa tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu. A ɗauki dattijon zango ranar Sallah, cikin farar babbar riga da ta sha bula da guga, tsaye a rana tsaka: in aka auna haske da rigar, fuska ta nutse, sai idanu da haƙora, in aka auna da fuskar, aikin allurar da ke wuyan rigar ya ɓace cikin fari. Matsala ce ta gaske, kuma ta kowane kamfani ce. Abin da ya bambanta shi ne wanda ake ɗora wa laifi da wanda ake yi wa uzuri.

Masu hoto a ƙasashe da yawa sun yi ittifaƙi a kan wata magana: Kodak na ba da launi mai ɗumi da ya karkata ga rawaya, Fuji na karkata ga kore, Agfa ga ja, Konica ga shuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kowane kamfani da irin rinin da yake zubawa a fim ɗinsa. Sai dai mai lura zai ga wani daidaito da ya yi yawa. Kwalin Kodak rawaya ne, na Fuji kore, tambarin Agfa ja ne mai ruwan goro, kwalin Konica shuɗi. Wato launin da aka ce kowane fim na bayarwa shi ne launin kwalin da aka sayo shi a ciki. Da wuya a ce duka huɗun sun faɗo haka ne kawai daga sinadari. Mutum ya riƙe koren kwali a hannu, ya biya kuɗinsa, ya jira kwana biyu, sannan ya buɗe ambulan yana neman kore, kuma wanda ke neman abu a hoto yakan same shi.

Ga kuma abin da yawancin masu karɓar hoto ba su sani ba. Fim ɗin da ake ɗaukar biki da suna da shi ba shi ne hoton ba. Dodo ne, wanda sai an haska shi a kan takarda ta cikin matatan launi kafin hoto ya fito. Mai injin bugawa na iya ƙara rawaya ko ya rage, ya ƙara ja ko ya janye, ya sa hoton ya yi duhu ko haske. Takardar ma da nata halin, kuma sau da yawa ba kamfaninsu ɗaya da fim ɗin ba. Sinadarin wanki yana gajiya in ba a sabunta shi ba. Fim ɗin da ya kwana a kanti cikin zafi da laimar Kumasi, ko wanda wa'adinsa ya wuce, launinsa na gocewa tun kafin a saka shi a kyamara, kuma a shekarun ƙuncin tattalin arzikin Ghana, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983, lokacin da kayan waje suka yi wuya, mai hoto ba shi da zaɓi sai abin da ya samu. Hannuwa biyar ko shida ke taɓa launi kafin ya iso ga mai shi, amma suna ɗaya ne a rubuce da manyan baƙaƙe.

Ƙananan injinan wanki da bugawa, irin wanda kamfanin Noritsu na Japan ya fitar a 1976, sun bazu a Afirka ta Yamma a shekarun 1980, kuma 'yan kasuwa daga Koriya ta Kudu na cikin waɗanda suka buɗe irin waɗannan wurare a yankin. Hoto ya yi araha, masu yawo da kyamara a wuya suka yawaita, tsofaffin masu shago suka rasa ikon da suke da shi a ɗakin duhu. Injinan nan suna aiki da wani zato da aka gina su a kai: wai in aka gauraya dukan launukan da ke cikin hoto na yau da kullum, abin da za a samu ruwan toka ne. In inji ya ga launi ɗaya ya rinjaya, sai ya ɗauka kuskure ne, ya ƙara kishiyarsa don ya daidaita. To, a kai wannan zato Suame, inda ƙasa ja ce, ƙura ja ce, tsatsar kwano da ta tsofaffin motoci ja ce. Yaron da ya gama koyon aiki ya tsaya gaban babbar mota don a ɗauke shi hoton tunawa, jan ƙasa ya cika rabin hoton. Inji zai janye ja, ya tura hoton wajen shuɗi mai kore-kore, fuskar yaron ta fito kamar wanda ya tashi daga jinya. In fim ɗin Fuji ne, an sami hujja: ai dama kore yake bayarwa. In na Kodak ne, kuma mai hoton ɗan Kodak ne, sai a ce masu wanki ne suka ɓata aiki. A karo na biyun ne kawai aka faɗi gaskiya, ita ma don so ne, wanda Hausawa suka ce yana hana ganin aibi.

Binciken masana ya taɓo wannan daga wani ɓangare. C. J. Bartleson, mai bincike a Kodak, ya nuna a 1960 cewa launin da mutane ke tunawa na abubuwan da suka saba da su, kamar ciyawa da sararin sama, ya fi na zahiri cika. Kamfanonin fim sun san haka, shi ya sa ba su taɓa neman kwafin duniya yadda take ba. Abin da suke nema shi ne launin da mai saye zai so. A 2006 wasu masana a Jami'ar Giessen ta Jamus sun sa mutane su daidaita hoton ayaba a allon kwamfuta har ya zama ruwan toka, sai aka ga suna wuce gona da iri zuwa shuɗi, domin ko da hoton ya zama toka tsantsa, idonsu na ci gaba da ganin rawaya-rawaya a jikinsa. Sanin cewa ayaba ce ya rina abin da suke gani. Ana cewa gani ya kori ji, amma a nan jin ne ya riga ganin isa, ya gyara masa wurin zama.

Kamfanonin da aka yi ta jayayya a kansu yawanci sun kau. Reshen Agfa mai yin fim ɗin jama'a ya karye a 2005, Konica Minolta ya bar harkar hoto a 2006, aka daina yin Kodachrome a 2009, Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Abin dariya a nan, fim ɗin da aka ci gaba da sayarwa daga baya da sunan AgfaPhoto Vista Plus a Japan ake yin sa, a masana'antar Fujifilm, kuma bai rasa masu yaba masa da jan Agfa ba. Makanikin Suame zai gane wannan nan take: jikin wata mota ne da injin wata.

Da kyamarar dijital ta zo, sai jayayyar ta sauya riga. Ƙwayar da ke karɓar haske a cikinta ba ta ganin launi. Ƙarfin haske kawai take aunawa, ta cikin wani shirin ƙananan matatai ja da kore da shuɗi da Bryce Bayer na Kodak ya ƙirƙira, aka yi masa rajista a 1976. Manhaja ce ke lissafa sauran, ita ke yanke hukuncin mene ne fari a wannan wuri, da yadda fata za ta kasance. Kamfanin Sony kuwa shi ke ƙera wannan ƙwaya wa kamfanoni da yawa da ke gasa da juna, har da Apple. Duk da haka masu Canon na cewa ba a kai su launin fata ba, masu Nikon da Fujifilm na cewa nasu. A 2018 wani mai koyar da hoto a Amurka, Tony Northrup, ya gwada masu kallonsa: da aka tambaye su da baki, Canon ne ya fi samun yabo, da aka nuna musu hotuna ba suna, Sony ne ya zo gaba, da aka liƙa sunayen ƙarya a kan hotunan, yawancinsu suka bi sunan da suke so. A shekarar kuma Marques Brownlee ya haɗa wayoyi 16 a gasar da jama'a ke zaɓe ba tare da sanin wace waya ta ɗauki wane hoto ba, sai iPhone ta faɗi tun zagayen farko, wata waya mai araha, Pocophone F1, ta kai zagayen ƙarshe, kuma kusan kowane karo hoton da ya fi haske ne ke cinyewa. Waɗannan ba gwaje-gwajen jami'a ba ne, a ƙaramin allon waya aka yi yawancin kallon, amma abin da suka nuna ya yi daidai da abin da aka gani a zamanin kwali.

A zango da Suame yau ba a maganar Canon da Nikon sai tsakanin masu ɗaukar biki. Maganar Tecno ce da Infinix da itel da Samsung da iPhone. Ukun farko duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006 kuma ya mai da hankalinsa kacokan kan Afirka, har ya zama kan gaba a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar tun wajen 2017. Cikin abubuwan da ya yi talla da su akwai cewa ya daidaita kyamararsa da baƙar fata, ta yadda fuska za ta fito ko da haske ya yi ƙaranci. Google bai kawo irin wannan gyara a wayarsa ta Pixel ba sai 2021, sannan a 2022 ya rungumi ma'aunin fata mai hawa 10 na Ellis Monk, malami a Jami'ar Harvard. Wannan karon bambancin da ke tsakanin kamfanoni na gaske ne, kuma wanda ya lura da kasuwar da wasu suka raina ya ci ribar lurarsa.

Sai dai kalmar da ake yabon waya da ita tana da fuska biyu. In aka ce waya tana fito da mutum, ana iya nufin ta nuna shi yadda yake, kumatu da goshi da inuwar hula duk sun bayyana. Ana kuma iya nufin ta ƙara masa haske, ta goge masa fuska, ta mai da baƙi wankan tarwaɗa, ta mai da wankan tarwaɗa fari. Yawancin wayoyi na da wannan gyara a kyamarar gaba, wasu a kunne yake tun daga kanti. Aikin fensirin tsohon mai hoto ne ya dawo, da bambanci ɗaya: shi tsohon yana kallon wanda ya zo, ya san ko amarya ce ko mai neman fasfo na aikin Hajji, manhaja kuwa hukunci ɗaya take yi wa kowa. A ƙasar da hukumar kula da abinci da magunguna ta hana shigo da man shafawa mai sinadarin bilicin na haidurokwinon tun 2016, ba ƙaramin abu ba ne yarinya ta saba da wata fuska a allo wadda madubi ba ya ba ta. Wanda ya riga ya ba wa sunan waya amana ba zai ce wayar ta canza shi ba. Cewa zai yi ita ce ke faɗin gaskiya, sauran ne ke baƙanta shi. Ga shi kuma hoton da aka ɗauka da waya ɗaya, in aka tura shi ta WhatsApp aka buɗe a wata, allon waccan zai sake masa launi, mai kallo kuma ya yaba ko ya kushe kyamarar da ba ta da hannu a abin da yake gani.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin kamfanonin da da ya tabbata, wanda kuma ba mai iya ganinsa ranar karɓar hoto. Rini uku ne ke cikin takardar hoto mai kala, kuma ba sa tsufa tare. A takardun shekarun 1970 da farkon 1980, rinin shuɗi mai kore-kore shi ke fara gushewa ko da hoton na ajiye a duhu, zafi da laima kuma na gaggauta shi. Henry Wilhelm, wanda ya wallafa babban littafi kan ɗorewar hoto mai kala a 1993, ya auna takardun kamfanoni ya nuna cewa tazarar da ke tsakaninsu a wannan fanni mai faɗi ce, kuma takardun Fuji na lokacin sun fi na Kodak jure haske. Shi ya sa albam ɗin da ke cikin akwatunan gidajen zango, na aure da suna da dawowa daga Makka, da yawansu sun koma ja-ja, fararen riguna sun zama ruwan goro, baƙar fata ta zama ruwan hanta. Jikoki na ɗaukar su da waya don adanawa, wayar kuma ta sake yi musu nata gyaran kafin ta ajiye. Wanda ya juya bayan irin wannan hoto zai ga sunan kamfani a jere, Kodak ko Agfa ko Fujicolor, amma sunan takardar ne. Fim ɗin da aka ɗauka da shi, wanda a kansa aka yi duk gardamar, yawanci ya zauna a hannun mai hoto, ba a kuma rubuta sunansa a ko'ina ba.